Luwi Birel, Makahon Da Ya Buɗe Wa Makafi Ƙofar Karatu

A ƙasar Faransa akwai wani ƙauye wai shi Coupvray, yana gabas da birnin Paris, tsakaninsu kamar mil 25. A cikin wannan ƙauye aka haifi Luwi Birel ran 4 ga watan Janairu, shekara ta 1809. Faransawa suna rubuta sunansa Louis Braille, kuma da sunan nan nasa a ke kiran rubutun da makafi su ke karantawa da yatsa ko'ina cikin duniya. Malamin makaranta ne, makaho, marar ƙoshin lafiya, wanda bai wuce shekara 43 a duniya ba. Amma abin da ya ƙago tun yana yaro shi ya ba makafi ikon yin karatu da rubutu da kansu, ba sai sun jira mai ido ya zo ya karanta musu ba.

Ƙuruciyarsa

Uban Luwi, mai suna Simon-René, baduku ne. Sana'arsa ɗinkin sirdi da ragama da majayi da sauran kayan doki. Sunan uwarsa Monique. 'Ya'yansu huɗu, Luwi ne auta. Shagon uban yana nan kusa da gida, saboda haka yaron ya kan tafi can kullum, ya zauna yana kallon yadda a ke yankan fata, a huda ta, a ɗinka.

Wata rana, yana da shekara 3, sai ya faki idon ubansa, ya ɗauki wani ƙarfe mai kaifi da guntuwar fata, yana kwaikwayon aikin da ya saba gani. Ƙarfen ya zame, ya soke shi a ido. Aka ɗaure idon, aka yi magani iyakar sanin mutanen wannan zamani, amma ciwon ya ƙi warkewa, har ya kama ɗaya idon. Ganinsa ya yi ta dushewa kaɗan-kaɗan. Kafin ya wuce shekara 5 ya makance sarai.

A zamanin nan, in ɗan talaka ya makance a ƙasashen Turai, galibi ba abin da ke jiransa sai bara. Iyayen Luwi ba su yarda ɗansu ya bi wannan hanya ba. Ba su ɓoye shi a ɗaki ba, ba su kuwa shagwaɓa shi ba. Uban ya sassaƙa masa sanda, ya koyi zagaya gida da ita, har ya san hanyoyin ƙauyen duka. Limamin cocin ƙauyen, Jacques Palluy, ya lura yaron yana da kaifin basira, sai ya riƙa kiransa yana koya masa abubuwa da baki. Daga baya ya roƙi malamin makarantar ƙauyen ya karɓe shi tare da yara masu ido.

Luwi ya shiga makaranta, ya zauna yana kasa kunne. Duk abin da malam ya faɗa sai ya haddace shi, har ya kan tsere wa da yawa daga cikin 'yan ajinsu. Amma in an ce kowa ya ɗauko littafi, ko kowa ya yi rubutu, sai Luwi ya naɗe hannu ya zauna shiru. Ilminsa duka yana hannun wasu. Abin da aka ga dama aka karanta masa shi kaɗai ya sani, abin da ya manta kuwa ba shi da inda zai koma ya duba.

Makarantar Makafi Ta Paris

A birnin Paris akwai wata makaranta da aka kafa musamman domin yara makafi. Wanda ya kafa ta wani mutum ne mai ido, sunansa Valentin Haüy. A shekara ta 1771 ya je wata kasuwar biki, ya tarar an tara waɗansu makafi, an sa musu dogayen huluna da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa, jama'a sun kewaye su suna ta dariya. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, ya ƙudura a zuciyarsa sai ya koya wa makafi karatu na gaskiya. A shekara ta 1784 ya sami ɗalibinsa na farko, wani saurayi mai bara a ƙofar coci. Don kada iyayen saurayin su rasa abinci, sai Haüy ya riƙa biyansa kuɗin da ya saba samu wajen bara, shi kuwa ya zauna ya koyi karatu. Daga nan makarantar ta somo.

Can aka samar wa Luwi wuri. A watan Fabrairu na shekara ta 1819, yana da shekara 10, ubansa ya kai shi Paris ya baro shi. Ginin makarantar tsoho ne, ga duhu, ga danshi, ga sanyi, abinci kuma ba ya isa. Yara da yawa su kan kamu da tari. Duk da haka Luwi ya dage. Ya koyi nahawu da lissafi da labarin ƙasa da tarihi, ya koyi sana'ar hannu da kiɗa, ya yi ta cin kyaututtuka.

A nan ne ya fara taɓa littafi ya karanta. Dabarar da Haüy ya yi ita ce, a jiƙa takarda mai kauri, a danna ta a kan manyan haruffan ƙarfe, sai siffar harafi ta taso ta yi tudu. Haruffan nan su ne ainihin waɗanda masu ido ke karantawa, sai dai an ƙara musu girma. Yaro zai bi kowane harafi da yatsa, ya zagaya gefensa, ya gane ko mene ne, sa'an nan ya wuce gaba. Aikin yana da nawa ƙwarai, har mutum ya kan manta farkon magana kafin ya kai ƙarshenta. Littattafan kuma manya ne, masu nauyi, masu tsada, saboda haka 'yan kaɗan ne a makarantar. Ba da jimawa ba Luwi ya karance su duka.

Akwai wata matsala da ta fi wannan girma. Makaho yana iya karanta haruffan nan, amma ba ya iya yinsu da kansa, domin sai da injin ɗab'i. Ko ya koyi jan alƙalami a takarda, ba shi da halin komawa ya karanta abin da ya rubuta. Watau an buɗe masa rabin ƙofa ne kurum.

Ɗigo Goma Sha Biyu

Akwai wani tsohon hafsan soja mai suna Charles Barbier, wanda ya daɗe yana neman hanyoyin rubutu masu sauƙi domin waɗanda rubutun boko ya gagara. Cikin dabarunsa akwai ta yin rubutu da ɗigo mai tudu, wanda a ke ji da yatsa. A kan sa takarda a kan wani allo mai kwari-kwari, a danna ta da tsinken ƙarfe, sai ɗigo ya ɓullo a bayanta. A shekara ta 1821 aka kawo wannan dabara makarantar makafi don a gwada.

Yaran suka yi murna ƙwarai. Nan da nan suka gane yatsa ya fi saurin jin ɗigo bisa ga jin lanƙwasar harafi. Ga shi kuma yanzu suna iya rubutawa da hannunsu, su karanta abin da suka rubuta. Amma da suka yi ta aiki da ita, sai aibunta suka bayyana. Kowace alama tana da layi biyu a tsaye, kowane layi yana ɗaukar ɗigo har 6, watau 12 ke nan gaba ɗaya. Alamar ta fi kan yatsa tsawo, dole sai mutum ya yi sama ya yi ƙasa yana ƙirga. Banda wannan, irin wadda aka koya a makarantar sauti ta ke rubutawa, ba haruffa ba. Saboda haka ba a rubuta kalma da ita bisa ƙa'ida, ba ta da lambobin lissafi, ba ta da aya ko waƙafi.

Luwi yana da shekara 12 a lokacin. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa ya ke yoyo. Abin da masu ido ba su lura da shi ba, shi yatsansa ya gaya masa. Sai ya ɗauki allo da tsinke ya shiga gwaji. Da rana yana aji, da dare in 'yan'uwansa sun yi barci ya zauna yana huda takarda. In an yi hutu ya koma ƙauye, can ma aikin ke nan. Ya shekara uku yana wannan fama. A shekara ta 1824, yana da shekara 15, ya kai abin da ya shirya wurin shugaban makarantar, Likita Pignier.

Ɗigo Shida

Ga yadda dabarar Luwi ta ke. Ya rage tsawon alama da rabi. Kowane harafi yana da gida guda, kamar gidan dara, a cikin gidan kuwa akwai gurbin ɗigo 6: uku a hagu, uku a dama. Gidan ƙanƙane ne, kan yatsa yana rufe shi gaba ɗaya. Saboda haka da taɓawa ɗaya mai karatu ya gane harafi, yatsansa ya zarce gaba ba tare da tsayawa ƙirga ba.

In an sāke zaman ɗigon nan shida, a huda wannan a bar wancan, a kan sami alamu 63 dabam-dabam. Luwi bai raba su barkatai ba, tsari ya yi musu don a sami sauƙin haddacewa. Haruffa goma na farko, daga a zuwa j, da gurabu huɗu na sama kaɗai a ke yinsu. Ɗigo ɗaya a sama ta hagu shi ne a. In an ƙara wani a ƙarƙashinsa ya zama b. Biyu a jere a sama su ne c. Haruffa goma na biye, daga k zuwa t, su ne waɗannan na farko, sai dai an ƙara wa kowanne ɗigo ɗaya a ƙasa ta hagu. Sauran kuma, banda w, a ƙara musu ɗigo biyu na ƙasa. Wanda ya riƙe goman farko ya kusa gamawa. In a na son lissafi, sai a fara da wata alama ta musamman, haruffan nan goma su zama lambobi daga 1 zuwa 9, da sifiri. Alamun da suka rage su ne na aya da waƙafi da tambaya. Har muryoyin kiɗa ma ya yi musu alamu.

Kayan rubutun ba su da tsada: allo, da wani ƙarfe mai ƙananan tagogi wanda a ke ɗorawa bisa takarda, da tsinke mai kama da basillar dukawa. Da ya ke ta baya ɗigon ke ɓullowa, mai rubutu daga dama ya ke farawa ya nufi hagu, kamar mai rubutun ajami. In ya gama sai ya juya takarda, ya karanta daga hagu zuwa dama.

Pignier ya ga amfanin abin, ya bar yara su yi aiki da shi. Cikin 'yan kwanaki suka iya. Suka shiga rubuta darasi a aji, suna kwafe littattafai, suna aika wa juna wasiƙa. A shekara ta 1829 Luwi ya wallafa ɗan littafi yana bayanin dabarar tasa, a ciki kuwa bai ɓoye cewa a kan aikin Barbier ya yi gini ba. A shekara ta 1837 ya sāke fito da shi bayan ya yi gyare-gyare. A wannan shekara makarantar ta buga tarihin Faransa cikin juzu'i uku da sabon rubutun.

Malami Da Makaɗi

Da Luwi ya gama karatu bai bar makarantar ba. A shekara ta 1828 aka ɗauke shi ƙaramin malami, a 1833 ya zama cikakken malami. Ya koyar da nahawu da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da kiɗa. Ɗalibai sun so shi domin haƙurinsa, da kuma taƙaita magana a kan abin da ya ke da amfani. Ya gwanance da wani babban goge na Turawa, da kuma ogan, watau wani ƙaton abin busa mai bututu da yawa wanda a ke kaɗawa da yatsu da ƙafafu. Ya yi shekaru yana kaɗa ogan a manyan coci-coci na Paris.

Amma zaman tsohon ginin nan mai danshi bai bar shi lafiya ba. Tun yana da shekara ashirin da 'yan kai ya kamu da tarin fuka, a lokacin kuwa ba a san maganinsa ba. Ciwon ya kan lafa ya tashi, shi kuwa yana aikinsa.

An Hana Rubutun

Ba kowa ne ya yi na'am da ɗigon Luwi ba. Malamai masu ido da yawa sun ƙi shi. Hujjarsu ita ce, rubutun nan bai yi kama da na sauran jama'a ba, in makafi suka riƙe shi za su ware su zama wata al'umma dabam, ba mai iya karanta takardarsu sai ɗan'uwansu makaho. Luwi bai rena wannan magana ba. A shekara ta 1839 ya fito da wata hanya ta jera ɗigo da yawa har su zana siffar haruffan boko, yadda makaho zai rubuta wasiƙa mai ido ya karanta. Wani abokinsa makaho, Pierre Foucault, ya ƙera injin da ke yin wannan aiki da sauri. Amma wajen karatun makaho da kansa, Luwi ya tsaya a kan cewa yatsa ne alƙali, ba ido ba.

A shekara ta 1840 aka sauke Pignier, aka naɗa Armand Dufau shugaba. Dufau ya hana aiki da rubutun ɗigo a makarantar, ya sa a karɓe alluna da tsinkaye. Yara suka ƙi bari. Suka riƙa yi a ɓoye, wani da ƙusa, wani da cokali mai yatsu, wani da allurar saƙa. Manya suna koya wa sababbin shiga da dare. A na horonsu, suna komawa. Wanda ya taɓa karanta rubutun hannunsa da kansa, da wuya ya yarda a mai da shi gidan jiya.

Mataimakin Dufau, Joseph Guadet, mai ido ne, amma ya zauna ya lura da yaran, ya ga saurin da su ke yi. Sai ya lallashi shugaban har ya sauko. Ana nan sai gwamnati ta gama gina wa makarantar sabon gida mai iska da haske. Ran bikin buɗewa, cikin watan Fabrairu na 1844, manyan gari suka taru. Guadet ya tashi ya yi bayanin dabarar Luwi, sa'an nan aka yi gwaji. Aka fitar da wata yarinya makauniya waje. Aka yi wa wata shifta a gaban jama'a, ta rubuta da tsinke. Da aka shigo da ta wajen, ta ɗora yatsa a takardar ta karanta duka, ba ta yi tuntuɓe ba. Daga ranar nan ba a ƙara hana rubutun a makarantar ba.

Rasuwarsa

Ciwon Luwi ya yi ta ƙaruwa, har aka rage masa aiki. Ya kan koma Coupvray ya huta, in ya sami sauƙi ya dawo. A watan Disamba na 1851 ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Ya rasu ran 6 ga Janairu, 1852, kwana biyu bayan ya cika shekara 43. Aka kai shi ƙauyensu aka binne.

Cikin kayansa aka sami wani ɗan akwati wanda ya yi wasiyya a ƙone. Da aka duba, sai aka ga takardun bashi ne. Ashe daga ɗan albashinsa ya kan ranta wa ɗalibai da abokai kuɗi, bai kuwa so a bi kowa bayan ransa ba. Aka ƙone akwatin kamar yadda ya ce.

Yadda Rubutun Ya Bazu

Sai a shekara ta 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa, hukuma ta amince da rubutunsa sosai a makarantar da ya koyar. Daga nan ya fara ƙetare iyaka. A Ingila akwai wani likita, Thomas Armitage, wanda ganinsa ya raunana. A shekara ta 1868 ya tara waɗansu makafi masu ilmi, ya ce su gwada dukan irin rubutun da a ke yi wa makafi, su zaɓa da yatsunsu. Suka zaɓi na Luwi. A shekara ta 1878 wakilan ƙasashen Turai suka yi taro a Paris, suka shirya a kan shi za a bi. A Amurka an daɗe a na gardama tsakanin iri-irin rubutun ɗigo, sai a 1932 suka daidaita da Ingila a kan tsari guda na Turanci.

Gidan ɗigo shida bai zaɓi harshe ba. A shekara ta 1951 hukumar UNESCO ta kira taro a Beirut inda aka daidaita alamun Larabci, an kuwa buga Alƙur'ani mai girma da wannan rubutu. A Nijeriya an buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, cikin ƙasar Filato, a shekara ta 1953. Hausa ma tana da nata tsari, har da alamun ɓ da ɗ da ƙ. A ƙasashe da yawa a na sa ɗigon nan a kwalin magani, don makaho ya san abin da zai sha ba sai ya tambaya ba. An kuma ƙera wata na'ura da a ke haɗawa da kwamfuta, mai ƙananan ƙusoshi masu tasowa su koma, makaho ya ɗora yatsa ya karanta abin da ke cikinta. A shekara ta 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 4 ga Janairu, ranar haihuwar Luwi, don tunawa da wannan rubutu kowace shekara.

Faransawa ma sun girmama shi daga baya. A shekara ta 1952, da ya cika shekara 100 da rasuwa, aka ɗauko gawarsa daga ƙauye aka kai ta Panthéon, wani babban gini a Paris inda a ke binne manyan mutanen ƙasar. Makafi daga ƙasashe da yawa suka bi ta a ƙasa, kowa da sandarsa. Cikin baƙin da suka zo har da Helen Keller ta Amurka, wadda ba ta gani, ba ta ji, amma da ɗigon nan ta yi karatu har ta gama jami'a. Mutanen Coupvray suka roƙa kada a raba su da ɗansu gaba ɗaya, saboda haka aka bar musu ƙasusuwan hannuwansa a kabarinsa na farko. Gidan da aka haife shi, da shagon ubansa, an mai da su gidan tarihi.

Mutane masu ido, masu kyakkyawar niyya, sun daɗe suna shirya wa makafi rubutu irin wanda ya gamshi ido. Gyaran bai samu ba sai da makaho ya sa hannu, aka kuma kasa kunne ga abin da ya faɗa. Duk mai son taimakon wani, ya kamata ya fara tambayarsa inda abin ya ke yi masa ciwo, domin sau da yawa maganin yana wurinsa.